Bakano Ya Koma Aji

Zuwa ga Alhaji Na-Dala, sabon ɗalibi kuma tsohon bawan gidanmu,

Gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa.  Bayan haka, labari ya taso tun daga Samaru ya iske ni har cikin ganuwa, cewa an ga wani dattijo mai furfura a gemu, ya sha babbar riga ya kafa zanna, yana kai da kawowa tsakanin tsangayoyi da jakar goyo a baya. Masu ba ni labarin ba su san sunansa ba. Amma da suka ce ya tsaya yana neman a rage masa kuɗin fom saboda shi tsohon kwastoma ne, sai na ce su bar zancen haka, na gane mutumina. Duk faɗin duniya Bakano ne kaɗai zai taya kuɗin makaranta.

To, barka da zuwa. Gemu ba ya hana ilimi, kuma naka gemun ma ba wani na a zo a gani ba ne. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne ka tsallake jami'ar da ke bakin ƙofarka, ka hau mota a Unguwa Uku, ka wuce Kwanar Ɗangora, ka sauka a Kwangila don neman digiri na biyu. Na san za ka ce ai a nan ka yi na farko, komawa gida ka yi. Ban musa ba, amma ku ma a zuci kun san inda ilimi yake kwana. Ita kanta Jami'ar Bayero da kuke cika mana baki da ita, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta taso bayan kafa wannan a 1962. Kwalejin Abdullahi Bayero ake kiranta, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a mai cin gashin kanta. Wato ko da ka zauna a gida, a hannun 'yar gidanmu za ka yi karatun. Gara da ka zo wurin uwar.

Sai dai Alhaji, makarantar da muka bari a farkon shekarun 1990 ba ita ka tarar ba, kuma dole in ja maka kunne, tunda duk abin da bawa ya ɓata ubangidansa ake tambaya. An ce ranar farko da asuba ka iso, da fayil maƙil da takardu, da hotunan fasfo, da kuɗi a ɗaure da kyauro cikin aljihun 'yar ciki, kana tambayar inda layi ya fara. Ka tuna yadda muke yi a da: layin banki daban, na ofishin kuɗi daban, na tsangaya daban, na ɗakin kwana daban, mutum ya yi ta bin sa hannu har takalminsa ya cinye. Sai wani yaro da bai kai ɗanka na biyu ba ya dube ka ya ce, “Baba, ai a waya ake yi.” Tun 2015 da gwamnatin tarayya ta tsaurara dokar asusun bai-ɗaya, kuɗin makarantunta ta Remita yake bi. A fitar maka da lamba, ka biya a banki ko ta wayarka, ka buga rasit, ka shiga shafin makaranta ka zaɓi kwasa-kwasanka. Da wani ne da ya yi hamdala. Kai kuwa an ce abin da ya hana ka barci shi ne kuɗi sun fita ba ka lashi yatsa ka ƙirga su ba, kuma ba wanda ya ba ka gyara.

Daga nan aka zo kan kalmar sirri. Mutumin da ya haddace bashin rabin 'yan layinsu a ka, har da ranar da kowa ya ci da ranar da ya yi alkawarin biya, ya kasa riƙe haruffa takwas. An ce sunan uwargida ka sa, washegari ka manta ka yi ta buga na amarya har shafin ya kulle. Wannan maganar idan ta isa gida, ba ni na kai ta ba. Yanzu 'yar autarka ce ke riƙe da makullin karatunka. Ita ke buɗe shafin, ita ke fara ganin makin da ka ci, ita ke kiranka ta ce, “Abba, wannan kwas ɗin sai ka ƙara ƙoƙari.” Kai da kake tsare yara a soro ƙarshen kowane zango kana karanta sakamakonsu da tabarau a kan karan hanci, yau ga ka a hannu. Allah ba ya barin wani don wani.

A cikin aji ma an ce kana ba da kallo. Ka sayi littafin rubutu mai kauri da biro kala uku, malami na magana kana ta kartawa, gumi na zuba. Da ka ɗaga kai sai ka ga ba mai rubutu sai kai. Malami ya haska darasi a bango da furojekta, yara sun ɗaga wayoyi sun ɗauki hoto, wasu sun naɗi muryarsa, kafin a tashi kuma shugaban aji ya tura darasin gaba ɗaya a zauren WhatsApp. Handawut ɗin da muke bin layi a kansa, wanda aka buga da sitensil tawada na bin hannu, yanzu fayil ne da ke shigowa waya ko kana kan tabarma. Amma a nan zan ba ka gaskiyarka, ko da yake ba Bakano gaskiya yana da ciwo: kada ka yar da biron nan. Abin da hannu ya rubuta ya bi ta kai kafin ya sauka a takarda. Hotunan allo da yaran nan ke tarawa, da yawansu ba a sake buɗe su sai daren jarrabawa, a lokacin kuma sai a tarar sun cuɗanya da hotunan biki.

Shi wannan zauren na WhatsApp kuwa, shi ne allon sanarwa na yanzu. A da idan an ɗage lacca sai ka taka har tsangaya ka karanta a jikin allo. Yanzu da tsakar dare ake sanarwa, wanda ya yi barci da wuri ya zo da safe ya tarar da aji wayam. Kai da aka saka ka a ciki, ranar farko ka aika saƙon murya mai tsawon huɗuba, ka gai da kowa da iyalinsa da gajiyarsa, har ka ƙare ba ka faɗi abin da ya kawo ka ba. Bayan kwana biyu sai ga hotunan shadda da atamfa da farashinsu sun faɗo cikin zauren. Ka ce kuskure ne, wani dila ka yi niyyar tura wa. Wa zai yarda? An ce har 'yan mata biyu sun yi oda. Bakano ko a maƙabarta aka kai shi sai ya tambayi nawa ake sayar da likkafani a garin.

Wadda ta fi ba ni dariya ita ce laccar Zoom. Tun 2020 da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, malamai da yawa suka koyi karantarwa daga nesa, kuma abin bai tafi ba bayan annobar ta lafa. Ranar da malaminku ya yi tafiya ya ce a haɗu a waya, kai ka ga banza ta faɗi: ga karatu, ga shago. Ka jingine waya a jikin dilar yadi a Kantin Kwari, ka manta ba ka rufe makirfo ba. Malami yana tsakiyar bayani kan hanyoyin bincike sai aji duka ya ji, “Wallahi ban sayo haka ba, ƙara dubu biyu ka ɗauka!” Aka yi tsit. Can malamin, wanda lokacin da muka gama digiri yana firamare, ya ce cikin ladabi, “Alhaji, a sallama masa mana mu ci gaba.”

Dariya ce, amma akwai magana a ƙarƙashinta. Kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, idan ka baro Kano ka baro ta ke nan. Ka tuna zamanmu a ɗakin kwana na Suleiman: idan guzuri ya ƙare sai ka rubuta wasiƙa ka ba direba a tasha, ka zauna jiran amsa kana shan garin kwaki. Wahala ce, amma a cikinta akwai wata ni'ima da ba mu san darajarta ba. Ba mai nemanka. Daga kai sai littafi sai yunwa. Yau kuwa Kano tana cikin aljihunka. Ka buɗe shafi na farko, yaron shago ya kira. Ka kai na biyu, Hajiya ta ce gas ya ƙare. Na uku, ga sanarwar ɗaurin aure, ga alat ya shigo, ga wani bidiyo da aka ce kowa ya kalla. Na'urar da ta kawo maka laburare ita ce ta kawo maka kasuwa da gida da 'yan gulma, duk a tafin hannu ɗaya. Idan kana son ka gama wannan karatun kafin jikokinka su riske ka a aji, ware wasu awanni kullum ka kashe ta. Na san kashe waya a wurin Bakano daidai yake da rufe shago ranar kasuwa, amma haka za ka daure.

Mu koma laburare, inda na fi saninka. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim yana nan inda ka bar shi. Ka tuna akwatunan katin nan na katako da muke jawowa muna bin sunan marubuci harafi bayan harafi? Ka tuna sashen ajiya na musamman, inda littafi ɗaya tak ajinmu duka ke jira, a ba ka na ɗan lokaci ka kwafe abin da za ka iya da hannu? Kuma ka tuna wanda yake ɗauke littafin tarihi ya kai shi kantar littattafan kimiyya ya ɓoye don kada wani ya samu kafin jarrabawa? Ba zan kama suna ba, amma mutumin yana cin gurasa. Tun a lokacin ka nuna halin gida: a ɓoye kaya sai sun yi tsada.

To wannan sana'ar ta mutu. An ce bincikenka a kan tarihin cinikin yadi a Kano ne, wato ka zo Zariya mu koya maka tarihin shagonka. Madalla. Littafin Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851 ya yi ta mamakin yawan saƙa da rini da nisan inda tufafin Kano ke kaiwa, a zamaninmu sai mai rabo ke taɓa shi. Yau an ɗauki hoton kowane shafinsa an zuba a intanet kyauta. Google Scholar, da aka buɗe a 2004, zai jero maka maƙalu a kan rini da fatauci kafin shayinka ya huce. Akwai rumbunan mujallu irin su JSTOR. Akwai manhajoji irin su Zotero da Mendeley da za su tsara maka jerin manazarta, aikin da a da yake sa mutum ciwon ido. Za ka ci karo da kundin digirin Philip Shea na 1975 a kan masana'antar rini ta ƙasar Kano, da littafin Paul Lovejoy a kan fataucin goro na Hausawa, wanda, don ka sani, maɗabar Jami'ar Ahmadu Bello ce ta buga shi a Zariya a 1980. Ku ku yi fataucin, mu mu rubuta. Haka Allah ya raba.

Rubuta kundin ma ya zama wasa idan aka tuna da jiya. A da sai ka rubuta da hannu, ka kai wa mai tafireta, ya sa kabon ya buga, harafi ɗaya ya kauce a shafa farin ruwa a jira ya bushe. Idan mai duba aikinka ya ce a ɗauke sakin layi daga shafi na biyar a kai na ashirin, babin duka za a sake bugawa, kuma a sake biya. Na tuna fuskarka a irin wannan rana. Daga baya aka shiga zamanin faifan kwamfuta mai kusurwa huɗu da shagunan buga takardu da kwanan kafe. Yanzu da laftof ɗinka za ka yanke ka liƙa yadda ka so. Shawara ɗaya: kada ka zuba wahalar shekara biyu a filashi guda ka rataye shi a jikin makullin shago. Aika wa kanka kwafi ta imel, ka ajiye wani a wurin 'yar auta. Kuka a kan ɓataccen kundi ba ya yi wa mai gemu kyau.

Yanzu ga inda nake son ka kasa kunne, don duk surutun da na yi a baya shimfiɗa ce. A zamaninmu wahalar karatu ita ce samun abin karantawa. Wanda ya samo littafi ya yi rabin aiki. Yau abin karantawa ya yi yawa har ya zama annoba, kuma mai kyau da marar kyau a jere suke zuwa, da irin rubutu ɗaya, da irin ado ɗaya. Wahalar ba ta tafi ba, wuri ta sauya. Ta tashi daga ƙafa ta koma kai.

An ce da yaran ajinku suka nuna maka ChatGPT, wanda ya fito a watan Nuwamba na 2022, har kabbara ka yi. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki: ga yaro mai Turanci, ba ya barci, ba ya neman albashi, ba ya zuwa ganin gida. Ka ce ya rubuta maka bitar ayyukan magabata, kafin ka gyara zama ya cika shafuka, da sunayen marubuta da shekaru da sunayen mujallu, tsaf. Alhaji, bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ka kai wa malami. Wannan yaron naka yana da wani hali: idan bai sani ba ba ya yin shiru, ƙirƙira yake yi, kuma da murya ɗaya yake faɗin gaskiya da ƙarya. Zai iya haɗa maka sunan marubuci na gaske da littafin da ba a taɓa rubutawa ba. A 2023 wasu lauyoyi a birnin New York na Amurka sun miƙa wa kotu takarda ɗauke da shari'o'in da wannan na'ura ta ƙaga musu, alƙali ya nema bai samu ba, ya ci su tarar dala 5,000. Leƙa Wapa ka tambayi canjin yau ka buga lissafi. Na san wannan hujjar ta fi shiga kanka fiye da duk wa'azin da zan yi.

Ba cewa nake ka guje shi ba. Ka tambaye shi ya warware maka abin da ya shige maka duhu, ya gyara maka Turancin da kasuwa ta cinye, ya nuna maka inda hujjarka ke da rauni. Amma tunanin ya zama naka, kuma ka bi ƙa'idar da makaranta ta shimfiɗa a kan amfani da shi. Haka kuma batun kwafe aikin wani. A da mutum zai je wata jami'a mai nisa ya kwafo kundi ya sauya suna da gari, ya kwana lafiya. Yanzu jami'o'i da yawa suna bi da kundi ta cikin manhaja irin Turnitin, ta fito da duk inda aka ɗebo da launi, har da adireshin mai kayan. Kayan aro ba ya rufe katara, balle na sata.

Akwai kuma masu farautar irinku. Kwanan nan za ka fara samun imel daga mujallun da ba ka taɓa ji ba, suna kiranka Farfesa, suna yabon zurfin iliminka, suna cewa ka turo maƙala da 'yan daloli a buga maka cikin mako guda. Na san ka da son a kira ka da babban suna. Riƙe aljihunka. Mujallar ƙwarai sai ta ba masana aikinka sun tsefe shi, su dawo maka da shi da gyara, wani lokaci bayan watanni. Wadda ba ta tambayar komai sai kuɗi, takardar da za ta ba ka ba ta da daraja a gaban masu jarraba ka.

Abin haushi, kuma ba na jin daɗin faɗa, shi ne maganin wannan duka yana hannunka tun tuni. Kai ne fa ake kawo wa atamfa biyu masu zane ɗaya da tambari ɗaya, ka murza da yatsa biyu, ka duba baki, ka sansana, ka ce wannan ta gaske ce wannan jabu. Ba ka taɓa sayen dila don kyan leda ba. Sai ka tambayi wa ya yi ta, daga ina ta fito, ta hannun wa ta biyo, me ya sa ta yi araha haka. To karatun digiri na biyu a wannan zamani ke nan gaba ɗayansa. Duk maƙalar da ta faɗo wayarka, murza ta: wa ya rubuta, ina ya samo, me yake so ka yarda da shi, wa ya duba kafin a buga? Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya koyar da tarihi a wannan jami'a har rasuwarsa a 2005, a kan wannan ya yi ta nanatawa. Shi Barth ɗin ma bai ƙyale shi ba, sai da ya zauna ya auna abin da ya rubuta game da Katsina, yana tambayar me ya gani da idonsa, me aka gaya masa, kuma da wane tunani ya zo. Idan an yi wa wanda ya taka ƙasar da ƙafarsa wannan binciken, ina ga na'urar da ba ta taɓa shaƙar ƙurar kasuwar Kurmi ba?

Sannan kada yaran nan su ruɗe ka cewa komai yana cikin waya. Mafi yawan abin da bincikenka ke buƙata ba a taɓa ɗora shi a intanet ba. Yana cikin fayilolin Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, inda za ka zauna ka buɗe takardun zamanin En'e da hannunka kana atishawa. Yana bakin tsofaffin marina na Ƙofar Mata da na Kura, da dattawan Kwari da suka ga lokacin da masaƙun Kano da Kaduna ke aiki dare da rana, suka kuma ga yadda kayan waje suka rufe kasuwa. Waɗannan mutane ba sa cike fom ɗin tambayoyi da aka tura ta waya. Sai an je, an durƙusa an gaisa, an kai goro, an saurari labarin da ba shi aka zo nema ba, kafin a kai ga wanda aka zo nema. Yaran ajinku sun fi ka saurin yatsa, amma wannan kai ka fi su, don ka san gaisuwa kuma ka san wanda ya san wani. Wayar ta yi maka amfani a nan: nemi izininsu ka naɗi muryarsu, ka adana. Dattijon da ka yi hira da shi bana, ba lallai wani ya same shi baɗi ba.

Saboda haka ku yi musaya da yaran. Su koya maka latsa, kai ka koya musu zama da mutane. Kuma idan sun taimake ka, ka saya musu abinci na gaske a Samaru, ban da alawa da “Allah ya yi albarka.” Ka duba ajin naku da kyau kuma, za ka ga wani alherin zamani: ga mai goyo, ga ma'aikacin da ke zuwa daga wata jiha, ga malamar firamare da ke karanta darasi a waya bayan yara sun yi barci. A zamaninmu da yawansu da sun haƙura da karatun.

Kada ka ɗauka komai ne ya sauya. Mai duba aikinka yana nan da jan bironsa, sai dai yanzu jan yana zuwa ta imel, kuma “sake dubawa” ɗin nan da ke sa gwiwa sanyi ba ta tsufa ba. Yajin aikin malaman jami'a da ya tsawaita mana zama a shekarun 1990 bai yi ritaya ba: na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya kama daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba manhajar da ta magance wannan. Batun wuta ma sai abin da ya ƙaru. Mu idan an ɗauke, kyandir ko fitilar ƙwai ta ishe mu, littafi ba ya neman caji. Ku kuwa batir na mutuwa laburarenku ya rufe. Shi ya sa za ka ga manyan mutane suna rige-rigen kujerar da ke kusa da soket. Ga kuɗin data, wanda na ji an ce kana rubuta shi a littafin bashi, ban san wa kake shirin bi ba.

Ranar kare kundi kuwa, ranar ce ba ta san zamani ba. Za ka haska allunanka masu ado a bango, ka yi bayani, sannan wani farfesa da aka gayyato daga wata jami'a ya cire tabarau ya ce, “Malam, a shafi kaza ka ce kaza. A ina ka samo, kuma me ya sa ka yarda?” A wannan lokacin ba 'yar auta, ba shugaban aji, ba yaronka marar albashi. Abin da ka karanta ka fahimta shi kaɗai zai tashi ya tsaya maka. Zan zo in zauna a baya. Idan ka amsa da kyau, zan gaya wa kowa tarbiyyar gidanmu ce. Idan ka yi in-ina, zan ce daman Bakano ne, mun yi iya ƙoƙarinmu.

Kafin nan, ga sharuɗɗan zama a ƙasar iyayen gidanka. Duk ranar Juma'a ka shigo birni ka kwashi gaisuwa, a zuba maka fate mai zafi ka sha, ko kanka ya buɗe. Ka daina gaya wa masu acaba cewa a Kano kuɗin bai kai haka ba. Sannan watan Cika-ciki na tafe, kuma kuɗin sharata na shekarun da ka yi kana zillewa suna nan a rubuce. A da kana fakewa da cewa hanya ta yi nisa, ba ka sami amintaccen direba ba. Yanzu da ka iya biyan kuɗin makaranta ta waya, wannan uzurin ya faɗi. Zan ba 'yar auta lambar asusuna, ita ba ta da taurin bashi. Idan kana da ta cewa, ƙofar martani a buɗe take, amma da sharaɗin kai za ka rubuta da kanka. Idan na ga martanin ya zo babu kuskure kuma babu maganar kuɗi a ciki, zan san ba kai ba ne.

Naka har kullum,
Ubangidanka na Birnin Zazzau